Sharhin Baitoci Bakwai a kan Tambaya da Farin Cikin Zuciya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗansu daga cikin 'yan'uwa da muke zaman wazifa tare a Hausare, a nan Garwa, sun nemi in rubuta musu baitocin nan bakwai da suka ji ina maimaitawa, in kuma yi musu sharhi. Na daɗe ina jan ƙafa, domin sharhinsu tonon asirin kaina ne, kuma tsoho ba ya son a ga tsumman da ke ƙarƙashin rigarsa. Amma da na tuna yawancin masu zama tare da mu malaman allo ne, kuma laifin da na yi suna iya yinsa gobe da safe, sai na amsa. Wanda ya ga ma'aunin baitocin bai daidaita ba ya yi haƙuri. Na shirya su ne lokacin da ba na gani, ina auna su da takun ƙafata tsakanin gida da masallaci.

Baiti na farko

Yabo ga Ta'ala da ya ba da ido,
Ya karɓe, ya maido, ya koyan dubawa.

Ma'anarsa a fili take. Abin lura ɗaya ne: gani daban, dubawa daban. Jaki yana ganin hanya. Dubawa kuwa ita ce mutum ya tsaya a kan abin da ya gani har zuciyarsa ta ce masa, yaya aka yi haka? A cikin Suratul Gashiya an kira mutane su dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, alhali waɗanda aka fara karanta wa surar sun tashi ne cikin raƙuma, babu safiyar da ba su ganinsu. Ashe abin da aka saba da shi, shi aka fi bukatar a ce wa mutum ya duba.

Baiti na biyu

Na tambayi kogi ina za ka je,
Da ƙuruciya, ba ni jin kunyar tambayawa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana rahama da ni da kai, an haife ni a 1960, shekarar da Kamaru ta sami mulkin kai. Sa'ad da nake ɗan shekara shida, idan damina ta yi tsakiya Binuwai ya cika, jiragen ruwa sukan hawo daga Nijeriya su tsaya a tashar Garwa. Su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa, su juya da gaggawa kafin ruwa ya janye, domin kogin ba ya ɗaukarsu sai wata biyu ko uku a shekara. Mu yara mukan sulale daga makaranta mu je kallo. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zirga-zirga, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Gaundare a 1974, kaya suka koma bin wannan hanya, tasha ta yi ta mutuwa a hankali. Yaran yau ba su san an yi ba.

Wata rana na komo daga bakin kogi a makare, ƙafafuna duk laka. Malaminmu, Allah ya haskaka kabarinsa, ya ce, "Daga ina?" Tsoro ya sa na manta da ƙaryar da na shirya, sai na ji bakina ya ce, "Allah gafarta Malam, ruwan nan duk ina yake zuwa? Kullum yana tafiya, ba ya ƙarewa." Bulala tana hannunsa. Ya dube ni, ya ajiye ta, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da yatsa. Ya ce nan tudun Adamawa ne wajen Gaundare, inda kogin ya ɓullo. Nan Mayo Kebbi ya zubo masa kafin ya iso garinmu. Nan Faro ya same shi kusa da iyaka. Nan Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa. Nan Numan, inda Gongola ya shigo. Nan Ibi, nan Makurɗi, nan Lakwaja inda ya haɗu da Kwara, daga nan sai teku. Na ce, "To teku ba ta cika?" Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana, ya ce rana tana ɗebe shi ya zama girgije, iska ta koro shi, ya sauko a kan tudun da ya fito. Sa'an nan ya ce, "Ɗauko allonka. Bulalarka tana nan, bashi ce." Har ya rasu bai karɓi bashin nan ba.

Na yi shekara talatin da wani abu kafin na tsaya a Lakwaja da ƙafata, na ga ruwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya. Na zauna a bakin gaɓa na yi wa Malam addu'a. Daɗin da na ji ranar nan ban ji irinsa ba ranar da aka naɗa mini rawani.

Wani Bajamushe, Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarimu, ya ratso sahara har ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro a 1851, kuma babu abin da ya kawo shi sai irin tambayar da na yi wa Malam. Ya isa Yola, Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba. Ba ina yabon abin da ya biyo bayan tafiye-tafiyen irinsu ba ne, kowa ya san Jamus ta kama Garwa a 1901. Abin da nake nunawa shi ne, baƙo ya yi tafiyar watanni don ya ga kogin da mu muke wanki a cikinsa ba mu ɗaga kai.

Baiti na uku

Da na yi rawani na ɗau kaina cikakke,
Na kulle bakin yaro, ina ta tsawatawa.

Nan ne wurin kunya. Na sauke Alkur'ani, na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, na shiga Askari da nahawu, na zauna a zauren mahaifina ina ba da karatu. Almajirai suka yi yawa. Sai wani abu ya shige ni wanda ban san shigarsa ba: na fara jin tambaya kamar ƙaya. In an tambaye ni abin da ke cikin littafi, in amsa da fara'a, domin amsar tana ƙara mini girma. In an tambayi abin da ba ya ciki, sai in haɗe fuska in ce wannan shiga sharo ba shanu ne.

Akwai wani yaro a cikinsu, siriri, mai yawan kalle-kalle. Wata ranar bazara, irin zafin Garwa na watan Afrilu da kowa ya sani, muna babin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, don me ruwan randa yake sanyi, na bokiti kuwa yake zafi, alhali rijiya ɗaya aka ɗebo su, inuwa ɗaya suke?" Yara suka yi dariya. Ni kuwa amsar ba ta zo mini ba. Maimakon in ce bari in bincika, sai na ce ya raina karatu, na sa aka riƙe shi, na yi masa bulala biyar. Ban manta adadin ba. Daga ranar nan bai ƙara ɗaga hannu ba. Ya zama mai ladabi ƙwarai, har ina misali da shi. Bayan shekara biyu ya daina zuwa.

Ya ku malaman allo, ku ji wannan daga bakin wanda ya aikata. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, an sha yi masa tambayoyi ya amsa kaɗan ya ce sauran bai sani ba, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Annabi Ibrahimu ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, ba a kore shi ba, aka ce ya kamo tsuntsaye huɗu. Mala'ika Jibrilu ya zo cikin siffar baƙo ya koyar da sahabbai addininsu, kuma hanyar koyarwarsa tambaya ce. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya. Duk wannan na san shi, ina karantar da shi, amma yaro ɗan shekara tara ya tambaye ni game da randa na doke shi.

Baiti na huɗu

Duhu ya sauko, littafi ya yi shiru,
Jika ya ja sandata muna ta zagayawa.

Wajen 2019 yana ta fara rufe mini ido. Da farko kamar hazon hunturu, sa'an nan baƙaƙe suka fara narkewa a kan takarda, har na kai ba na bambance mutum da turken rumfa sai ya yi magana. Aka ce in je asibiti, na ƙi, tsoro nake ji. Wani ya kawo mini mai kwantar da yana da allura irin ta gargajiya, Allah ya tsare ni ban yarda ba, domin na san waɗanda suka rasa ido gaba ɗaya ta wannan hanya. Na zauna tsakanin tsoro biyu kusan shekara uku.

Ba zan ɓoye muku ba, baƙin ciki ya kama ni irin wanda ban zaci zai kama mai wuridi ba. Ina salla, ina lazimi, bakina yana motsi, zuciyata kamar busasshen rafi. Na gane cewa duk daɗin rayuwata na rataye shi ne a kan abu ɗaya, watau in zauna da littafi a gabana mutane suna kallona. Da aka ɗauke littafin sai na rasa ko ni wane ne.

Wanda Allah ya turo mini jikana ne, ɗan 'yata, yana da shekara bakwai a lokacin. Shi aka ɗora wa jan sandata. Yaron nan bakinsa ba ya hutawa, kuma jika ba ya tsoron kaka, wasa ne tsakaninsu. "Abokina, don me darbejiya take da ɗaci amma tsuntsaye suna shan 'ya'yanta?" "Abokina, motocin audugan nan ina suke kai ta?" "Don me dorina take kwana cikin ruwa amma ciyawa take ci a tudu?" Ba ni da hannun dukansa, shi ke riƙe da hanyata. Dole na fara amsawa. Abin da ban iya ba sai mu tsaya mu tambayi mai shi. Wani tsohon ma'aikacin Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, ya zaunar da mu ya bayyana mana yadda inji yake raba kaɗa da angurya, yadda ake matse anguryar a fitar da man da matanmu suke miya da shi, a sayar da tunkuzar ga masu shanu. Shekara nawa ina cin man nan ban taɓa tambayar asalinsa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne manomin masakwa, abin da Fulani suke kira muskuwari. Yaron ya ce, "Yaya dawa take yi ba ruwan sama?" Manomin ya kama hannuna ya dasa shi a kan baƙar laka, wadda suke kira karal. Ya ce wannan ƙasa tana shan ruwan damina ta riƙe shi a cikinta. Idan ruwa ya ɗauke, sai su huda ta da sanda mai tsini, su zuba ruwa ɗan kaɗan a ramin, su dasa irin da suka yafa tun da wuri, shi ke nan. Saiwa ta bi danshi ƙasa, raɓar hunturu ta taimaka, a girbe wajen Janairu ko Fabrairu sa'ad da ko'ina ya bushe. Ina tsugune, hannuna cikin tsagar laka, sai na ji hawaye. Na ce a raina, wannan shi ne misalin mai ilmi na gaskiya, ya sha lokacin samu, ya yi tsiro lokacin rashi. Ni kuwa ashe jigawa ce, ruwa ya bi ta kaina ya wuce.

Ni ma na koya wa yaron abin da nake da shi. Na lissafa masa taurarin da malamai suke ƙidaya shekarar manoma da su, ashirin da takwas, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Ya haddace su cikin mako guda, yana rera su a hanya, mata suna leƙowa.

Baiti na biyar

Sanin halittu daban, leƙen asiri daban,
Guda zuma ne, guda ko dafi mai kashewa.

Tanbihi ne wannan, kada wani ya ce Malam ya halatta bin diddigin mutane. Suratul Hujurati ta hana binciken aibin juna. Banu Isra'ila da aka ce su yanka saniya suka yi ta tambaya don kauce wa umurni, aka tsananta musu. Ma'aunin da nake amfani da shi ga kaina shi ne in duba zuciyata bayan na sami amsa. In na ji Allah ya ƙara girma a idona, ko wani bawansa ya ƙara daraja, tambayar ta gari ce. In na ji ni ne na ƙara girma, wani ya ƙanƙance, to gulma ce ta sa rawani. Wayar da ke aljihun kowa yanzu tana ɗauke da duka biyun. Na ga ɗalibin da ya nemo mini littafin da na yi shekaru ina nema a cikinta, na kuma ga magidancin da ya san wadda aka saka a Kano da wanda aka kama a Duwala, bai san ajin da ɗansa yake ba.

Baiti na shida

Farin ciki ba shi can Duwala ko Dubai,
Yana nan ƙofar gida, muna tsallakewa.

A watan Janairu 2022 aka yi wasan ƙwallo na ƙasashen Afirka, filin Rumde Ajiya yana cikin inda aka buga. Ban gani ba, amma na ji. Nijeriya ta ci wasa uku a jere a nan Garwa, gari ya rikice da ihu da ƙahon babura har tsakar dare. Sai Tunisiya ta ci ta ɗaya da nema, gari ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ba na zargin kowa, samari ne, kuma murna ba haramun ba ce. Amma farin cikin da ke hannun ƙafar wani, na aro ne, mai shi yana iya zuwa ya karɓa kowane dare.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, watau 1111, ya bayyana cewa kowace gaɓa daɗinta yana cikin abin da aka halicce ta dominsa, ido ga gani, kunne ga ji, zuciya kuwa ga sani, kuma mafi girman sani sanin Allah. Ya keɓe babi guda na tunani a kan halitta a ƙarshen Ihya'u. Na karantar da wannan babi sau da yawa da ido biyu, ban fahimce shi ba sai da na makance. A hadisi kuma an ba da labarin cewa wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Yawancinmu muna da ukun nan yau da safe. Abin da ya rage shi ne mu lura muna da su.

Ba ina ce wa samari kada su fita neman arziki ba. Kakanninmu fatake ne, goro da kanwa suka kawo su Adamawa. Talauci kuma ba abin wasa ba ne, wanda bai ci ba tun jiya ba a karanta masa babin tunani, abinci ake ba shi. Magana ta ga wanda ya ƙoshi ne amma yake jin ransa babu gishiri.

Baiti na bakwai

Ka dubi aikinka, wa zai ci amfaninsa,
Ka gyara niyya, nan ma'anar rayuwa.

Bayan damina ta 2022 'ya'yana suka rinjaye ni na yarda a yi mini aiki. Ranar komawa a cire bandeji motar da za ta kai ni ta lalace, aka tsayar mini da ɗan acaba. Muna tafiya ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ka gane muryata ba?" Ya faɗi sunan mahaifinsa. Yaron randa ne. Ya zama magidanci mai 'ya'ya biyar. Ya ƙi karɓar kuɗi, ya kuma zauna ya jira ni.

Likitan, saurayi ne sa'an ɗana, ya cire bandejin. Abin da na fara gani ganyen darbejiya ne ta taga, kowane ganye da haƙoransa kamar zarto. Shekara sittin ina zama ƙarƙashinta. Na ce masa, "Ɗana, me ka yi mini?" Ya ce a cikin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai da haske yake ratsawa, tsufa ya dusashe tawa, ya cire ta ya sa ta roba a gurbinta. Na ce wa ya fara wannan? Ya ce wani likitan Ingila, Harold Ridley, a Landan, 1949. Ya lura matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi ta ba. Kuma abin da ya zaburar da shi, wani ɗalibi ne ya gan shi ya cire ƙwayar ido sai ya tambaye shi don me bai mayar da wata a gurbinta ba. Na yi shiru. Na san tun kusan shekara dubu da suka wuce Ammaru ɗan Mausil ya ƙera allura mai rami don tsotse yana, Ibnul Haisam kuma ya tabbatar a Misira cewa haske ne yake shiga ido daga abin da ake kallo. Amma wannan ta ɗalibi ban taɓa ji ba. Da malamin nan ya yi wa ɗalibinsa abin da na yi wa nawa, da ina cikin duhu har kabari.

Da muka fito na ce wa ɗan acaban ya tsaya a inuwa. Na ce, "Ɗana, ina da bashinka." Ya ce, "Subhanallahi, Malam, wane bashi?" Na ce bulala biyar da amsa ɗaya. Na gaya masa randa ƙasa ce mai ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya bushewa sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Bokiti ba ya tsattsafo, saboda haka zafinsa yana cikinsa. Sa'an nan na roƙe shi gafara. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ce amma bai manta ba, duk ran da ya sha ruwan randa sai ya tuna.

Daga nan ya buɗe mini cikinsa. Ya ce yana salla, yana ciyar da iyalinsa da halal, amma kwanakinsa duk ɗaya suke, daga kasuwa zuwa Lopere, daga Lopere zuwa Jambutu, har ya kan tambayi kansa don me aka halicce shi. Na ce ya lissafa mini waɗanda ya ɗauka tun safe. Ya ce wata mai naƙuda, da yara biyu 'yan makaranta, da mai kifi daga bakin gada, da ni. Na ce to mace ta haihu a hannun ungozoma, yara sun sami darasi, gidaje sun ci kifi, makaho ya ga ganye, duk a bayan babur ɗinka kafin azahar. In ka ƙudurta wannan sa'ad da kake tayar da shi da safe, an rubuta maka shi ibada. Na ce kuma ka riƙa tambayar wanda ka ɗauka sana'arsa, kowane fasinja littafi ne da ya biya ka don ka karanta shi. Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa tun yana ɗan shekara tara.

Yanzu yakan zo zaure bayan la'asar ranar Alhamis, da ɗansa na biyu, mun koma Ahalari daga farko. Makon jiya ya ce, "Allah gafarta Malam, to don me sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa?" Na ce ina zaton kafofin tsohuwar ne suke toshewa da dauɗa, amma masu ginin tukwane sun fi ni sani. Mun yi alkawari ran Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zai ɗauke ni da jikana mu je kasuwar Pitowa mu tambaye su.

Wanda ya karanta ya sa malamina cikin addu'a. Tammat bi hamdillahi.